Layin Lilo a Wuraren Shaƙatawa: Yadda Ake Samar wa Mai Jira Abin Yi

A manyan wuraren shaƙatawa na Amurka, hawa lilo ko jirgin wasa mai gudu a kan dogo sau da yawa ba ya wuce minti biyu ko uku. Jiran da ake yi kafin a kai ga kujera shi ne yake cin sa'a guda, a ranar cunkoso har biyu. Iyalin da suka biya kuɗin shiga suka wuni a ciki, in aka lissafa, babban kason wuninsu a tsaye ya tafi, kowa yana kallon ƙeyar na gabansa. Saboda haka ne kamfanonin da suka mallaki waɗannan wurare suka mayar da layin jira wani fanni na musamman, wanda injiniyoyi da masu zane suke zama su tsara kamar yadda suke tsara lilon kansa. Salon da ya yi ƙarfi tun wajen 2009 shi ne a zuba wa layin abubuwan da mai jira zai taɓa, ya murɗa, ya buga, su kuma su amsa masa da sauti ko haske ko feshin ruwa.

Domin ganin layin da ba a yi wa irin wannan ado ba, a ɗauki misalin Gaithersburg, wani birni a gundumar Montgomery ta jihar Maryland, kimanin kilomita 30 arewa maso yamma da Washington, a kan babbar hanyar I-270. Ba shi da katafaren wurin shaƙatawa irin na Disney, amma mazaunansa, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma da suke da yawa a gundumar, sun san layin lilo sosai. Duk watan Agusta ana yin bikin baje kolin amfanin gona na gundumar a cikin birnin, kwana tara, tun daga 1949. Lilon da ake hawa a wurin a kan manyan motoci ake kawo shi, a ɗaura, a kwance bayan an watse. Layinsa shingen ƙarfe ne kawai a ƙarƙashin rana, a lokacin da zafin yankin yake haura digiri 30 ga kuma gumi mai danƙo. Wannan shi ne layi a ainihin kamanninsa na farko, babu ado, babu abin taɓawa.

A da, babban wurin shaƙatawa mafi kusa da birnin shi ne Six Flags America, a gundumar Prince George's, gabas da Washington. An fara shi a 1974 a matsayin gandun namun daji, ya sauya suna da masu shi, har ya ɗauki sunan Six Flags a 1999. A cikinsa akwai Wild One, jirgin gangara na katako da aka fara ginawa a 1917 a jihar Massachusetts, aka kwaso shi zuwa Maryland a 1986. Kamfanin ya rufe wurin baki ɗaya ranar 2 ga Nuwamba 2025, da niyyar sayar da filin mai faɗin kimanin eka 500. Tun daga nan, iyalin Gaithersburg da suke son manyan lilo sai sun yi tuƙin kusan sa'a biyu, ko dai kudu zuwa Kings Dominion a Virginia, ko arewa zuwa Hersheypark a Pennsylvania, in kuwa aljihu da nauyi, a hau jirgi zuwa Orlando a Florida. Wanda ya kashe sa'a huɗu a hanya zuwa da dawowa, kowane minti da layi ya ci masa ya fi yi masa ciwo.

Tsawon jira lissafi ne, kuma lissafin tsoho ne. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark, Agner Krarup Erlang, shi ya aza harsashin ilimin layi a 1909, yana aiki da kamfanin wayar tarho na Copenhagen, yana neman sanin layukan waya nawa za su ishi masu kira. A 1961 John Little, wanda daga baya ya yi suna a jami'ar MIT, ya tabbatar da ƙa'idar da ta haɗa abubuwa uku: yawan mutanen da suke cikin layi, saurin shigowarsu, da tsawon zaman kowannensu. A wurin lilo ma'anarta mai sauƙi ce. Alal misali, in jirgi yana iya ɗaukar mutum 1,200 a sa'a, kuma akwai mutum 1,200 a gaban wanda ya iso yanzu, to sa'a guda zai tsaya. Ko an cika bangon da majigi, ko an bar shi fayau, sa'a gudar nan tana nan daram. Abubuwan da suke rage ta su ne ƙara kujeru, ƙara jirage a kan dogo, hanzarta hawa da sauka, ko rage masu shiga layin.

Abin da ado yake taɓawa shi ne yadda mutum yake jin lokacin. A 1985 David Maister, wanda ya koyar a makarantar kasuwanci ta Harvard, ya rubuta maƙala a kan halayyar masu jira, wadda har yau masu wannan sana'a suke komawa gare ta. Ya nuna cewa lokacin da hannu yake wofi ya fi wanda ake wani abu tsawo a zuciya. Jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi wanda aka faɗi iyakarsa nauyi, abin da duk wanda ya taɓa kwana a layin mai ba tare da sanin ko tanka za ta iso ba zai gaskata. Jiran da ba a bayyana dalilinsa ba yana tunzura rai. Jiran mutum shi kaɗai ya fi na cikin jama'a gajiyarwa. Mutane kuma suna son su ji cewa an riga an fara yi musu hidima, ko da babban abin bai zo ba tukuna. Baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma a zaure, aka kawo masa ruwa, aka gaisa da shi, ba ya lissafa jinkirin maigida kamar wanda aka bari tsaye a ƙofar gida. Sai kuma batun adalci: jiran da mutum yake ganin an zalunce shi a ciki ya fi kowanne ɗaci.

Disneyland ta Kalifoniya, wadda aka buɗe a 1955, ta shahara da layi mai lanƙwasa, wanda yake kai da komowa tsakanin shingaye. Dabarar tana tattara jama'a da yawa a ƙaramin fili, tana ɓoye ainihin tsawon layin, tana kuma sa mutum ya riƙa jin yana tafiya. A shekarun farko kowane lilo da nasa tikitin, daga mai harafin A mai araha zuwa mai harafin E na manyan lilo, kuma wannan kansa yana rarraba jama'a, domin mutum yana tattalin tikitinsa. Da aka soke tsarin a 1982 aka koma biya ɗaya a ƙofa, kowa ya sami damar komawa babban lilo sau nawa ya ga dama, sai layukan manyan lilo suka ƙara cika.

Daga nan aka shiga gina layi a matsayin farkon labari. Misalin da ake yawan kawowa shi ne lilon Indiana Jones da aka buɗe a Disneyland a 1995. Layinsa doguwar hanya ce cikin wani haikali na ƙirƙira, da koguna da rubutun sirri a bango, kuma a farkon shekarun ana raba wa masu jira katin da za su warware rubutun da shi. Akwai sandar gora da aka nuna kamar ita ce ta tokare rufi, in aka girgiza ta sai rufin ya yi ƙara kamar zai rufto. Akwai igiya da ta sauka cikin rijiya da gargaɗin kada a ja ta, kuma an san kowane yaro sai ya ja, sai a ji muryar wani daga ƙasa yana ƙorafi. Babu allon taɓawa ko kwamfuta a gaban mai jira, amma jigon abin da aka faɗaɗa daga baya yana nan: mutum ya yi wani abu, wurin ya amsa masa.

Babban yunƙurin ya zo ne a Magic Kingdom, wurin Disney na Florida, tsakanin 2009 da 2015. A 2009 aka sanya wuraren wasan bidiyo 87 a layin Space Mountain, kowane wasa kimanin daƙiƙa 90, an auna shi ne don ya ƙare daidai lokacin da layi zai matsa. A 2010 aka sake gina layin Winnie the Pooh domin ƙananan yara: lambun kayan marmari da ake kaɗawa kamar ganguna, da bangon allo mai kama da zuma tana zuba, yaro ya share da tafin hannu ya ga hoton da yake ƙasa. A 2011 gidan fatalwa na Haunted Mansion ya sami maƙabartar wasa, inda taɓa zanen kayan kiɗa a jikin dutse yake fitar da sautinsu, da littattafan dutse da suke turo kansu waje a mayar da su. A 2013 layin Big Thunder Mountain ya koma ofishin masu haƙar ma'adinai, mai jira ya murɗa hannun inji ya danna, sai a ga hayaƙi ya tashi a jikin dutsen da jirgin yake zagayawa. A 2015 layin Peter Pan ya sami ɗakin kwanan yara inda inuwar mutum a bango take iya kaɗa inuwar ƙararrawa ta yi ƙara.

Biyu daga cikin ayyukan wannan zamani sun fi cancanta a tsaya a kansu. Na farko layin jirgin Seven Dwarfs Mine Train, wanda aka buɗe a 2014. A cikinsa akwai gangunan duwatsu masu ƙyalli guda bakwai, kowace in aka juya ta sai hoton ɗaya daga cikin wadannin labarin ya bayyana a rufi. In aka juya duka bakwai a lokaci guda, sai hoton jarumar labarin ya fito a tsakiya. Mutum ɗaya ba zai iya ba, iyali ɗaya ma da wuya. Dole sai baƙin juna sun yi magana, wannan ya ce wa wancan ya riƙe tasa. Wanda ya tsara wannan ya fahimci maganar Maister cewa jiran kaɗaici ya fi tsawo, ya kuma warware ta da abin da ba ya buƙatar sanin Turanci ko iya karatu. Iyalin da suka zo daga Kano da waɗanda suka zo daga Meziko suna iya haɗa hannu a kan gangunan nan ba tare da tafinta ba.

Na biyu shi ne Dumbo, lilon giwaye masu tashi, wanda shekara da shekaru layinsa yake azabtar da iyaye, domin masu sonsa 'yan shekara uku ne zuwa biyar, kuma yana ɗaukar mutane kaɗan a kowane zagaye. A 2012 aka yi masa gyara iri biyu. An gina babban tanti mai na'urar sanyaya iska, da wurin hawa da sulɓi a ciki da kujerun iyaye, a ba iyali ƙaramar na'ura mai ƙara irin ta gidajen abinci, yara su yi ta wasa har ta kira su. Sannan aka kafa lilo na biyu kusa da na farko, aka ninka yawan masu hawa. Tantin shi ya fi jan hankalin 'yan jarida, amma lilo na biyun shi ya rage jiran a zahiri. Haɗa su biyun shi ne aiki na gaskiya, domin an kula da lissafi an kuma kula da zuciya.

Bayan fage akwai aikin da mai jira ba ya gani. A 2010 jaridar New York Times ta ba da rahoton wani ɗakin sa ido a ƙarƙashin Magic Kingdom, inda ma'aikata suke kallon layuka ta kyamara. In layi ya yi tsawo su ba da umarni a ƙara kwale-kwale ko jirgi, ko su tura mai shigar ɗan wasan fim ya je ya nishaɗantar da jama'a. Shekaru da yawa kuma ana auna jira ta hanyar miƙa wa wani mai shiga layi jan kati, ya riƙe har bakin lilo ya mayar, na'ura ta lissafa mintunan da ya yi. Daga nan ake samun adadin da ake rubutawa a ƙofa, kuma masu bibiyar lamarin sun sha nuna cewa akan ɗan ƙara a kan gaskiyar lokacin, domin wanda aka ce wa minti 60 ya shiga a 45 yana fita da murna.

Abin taɓawa a layi yana zuwa da nasa matsalolin, kuma ba ƙanana ba ne. Babbarsu ita ce ya yi daɗi fiye da kima. Yaron da wasa ya kama hankalinsa ba ya matsawa, sai giɓi ya buɗe a gabansa, na baya su fara gunaguni, wasu su kewaye shi, daga nan rigimar wa ya riga wa ta tashi. In giɓin ya kai bakin lilo, jirgi ya tashi da kujeru wofi, to adon ya ƙara tsawon jiran da aka kawo shi ya sauƙaƙa. Shi ya sa masu tsarawa suke gajarta kowane wasa, suke shimfiɗa shi a tsawon hanya yadda mutum zai yi shi yana tafiya, suke kuma dakatar da abubuwan taɓawa tun da sauran tazara kafin wurin hawa.

Sai lalacewa. Madannin da dubban hannuwa suke bugawa kullum, wasu da ƙarfin tsiya, ga rana ga ruwan sama, ba ya daɗewa. Abin da ya mutu aka bar shi a wurin ya fi bango fayau muni, domin yaro ya danna bai ga komai ba, uba kuma ya karanta sakaci a jikin wurin da zai ɗora ɗansa a kan injinsa. Allon bidiyo yana da wata cutar ta daban, wato tsufa da wuri. Wasannin Space Mountain da suka burge mutane a 2009 sun zama tsohon yayi cikin 'yan shekaru, saboda wayar da take aljihun kowane matashi ta fi su kyau, kuma a 2018 aka cire su. Gangar katako da igiya da famfon ruwa ba sa tsufa haka. Annobar korona ta ƙara fito da wani rauni: da aka sake buɗe wuraren Disney na Florida a Yulin 2020, an kashe ko an killace abubuwan taɓawa na layuka, domin wurin da kowa yake shafawa hanyar yaɗa cuta ce.

Akwai kuma waɗanda adon yake iya zame wa wahala. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta sa sababbin gine-gine su ba keken guragu hanya, don haka madanni da allo dole su kasance inda wanda yake zaune zai kai. Yaron da yake da lalurar galahanga, wanda ƙara da walƙiyar fitila suke rikita shi, layi mai hayaniya ya fi layi shiru yi masa tsanani. Disney ta fito da tsari a 2013 da yake ba irin waɗannan iyalai lokacin dawowa maimakon tsayuwa, ta kuma tsaurara sharuɗɗansa a 2024, abin da ya jawo ƙorafi daga masu wasu lalurorin da aka fitar daga ciki.

A 2018 Disney ta ƙaddamar da manhajar Play Disney Parks, wadda ta mayar da wasannin layi cikin wayar mai jira. Ga kamfani wannan ya fi araha, babu madannin da zai karye, kuma ana sabunta wasa ba tare da an rushe bango ba. Amma yana da hasara da ta cancanci a faɗa. Iyalin da suka yi tafiya mai nisa don su kasance tare sai su koma kowa ya sunkuyar da kai a kan allonsa, yadda suke a gida. Wasan da ya fi amfani a waya shi ne wanda ake miƙa ta daga hannu zuwa hannu, ko wanda yake sa a ɗaga kai a nemo wani abu a jikin ginin.

Wata hanyar ita ce a raba mutum da layin gaba ɗaya. A 1999 Disney ta fito da FastPass: mutum ya sa tikitinsa a inji, ya karɓi takarda mai ɗauke da lokacin dawowa, ya tafi harkarsa, kuma kyauta ne ga duk wanda ya shiga. A 2017 kamfanin Universal ya buɗe lilon Jimmy Fallon a Orlando ba tare da layin tsayuwa ba, mutane su zo a lokacin da aka ba su, su zauna a falo mai kujeru da mawaƙa har a kira launin katinsu. Mazauna yankin Washington sun saba da irin wannan a gidajen tarihi na Smithsonian, inda gidan tarihin Baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2016 da gidan tarihin jiragen sama suke ba da tikitin shiga mai lokaci, kyauta, ta intanet. Alhazai ma sun san tsarin, domin ziyarar Rauda a Masallacin Annabi da ke Madina yanzu da izini mai lokaci ake yin ta, ta manhajar Nusuk. Sai dai wanda aka cire daga layi ba ɓacewa yake yi ba. Yana cikin filin, yana cika hanyoyi da shaguna da layin wani lilon, kuma wanda bai iya waya ba ko ya makara da minti kaɗan yakan tarar an rabe lokutan ranar.

Batun ya sauya kama da kuɗi suka shigo. A baya Six Flags ta daɗe tana sayar da Flash Pass, Kings Dominion tana da Fast Lane, Hersheypark tana da Fast Track, Busch Gardens ta Williamsburg tana da Quick Queue. A 2021 Disney ma ta soke FastPass na kyauta ta kawo tsarin biya, wanda ya fara da dala 15 ga mutum a rana a Florida, kuma a 2024 ta ƙara wani mataki na sama wanda farashinsa yake haura dala 400 ga mutum ɗaya a ranakun cunkoso, ban da kuɗin shiga. Lissafin Little bai sauya ba. A misalin jirgi mai ɗaukar mutum 1,200 a sa'a, in aka ware kujera ɗaya cikin huɗu ga masu biya, layin talakawa ya koma samun 900 a sa'a, wanda zai tsaya minti 60 ya koma tsayuwar minti 80. Mintunan da mai kuɗi ya saya daga wuyan na layin gama-gari aka ciro su. A nan ne ado yake iya zama rufa-rufa. Gangunan juyawa da bangon zuma alheri ne in an yi su don rage wa mai jira wahalar da ba makawa. In kuwa kamfani da hannunsa ya tsawaita layin don ya sayar da hanyar tsallake shi, to abin taɓawa ba zai hana uba mai 'ya'ya huɗu ganin waɗanda suke wuce shi ta ɗaya gefen igiya ba, kuma ba zai ba shi amsar da zai faɗa wa ɗansa ba.

Gundumar Montgomery tana da tarihin da ya sa wannan tambaya ta fi nauyi a wurinta. A Glen Echo, kusa da kogin Potomac, akwai tsohon wurin shaƙatawa da ya yi tashe a farkon ƙarni na 20, wanda lilon dawakansa na 1921 yake juyawa har yau. Shekaru da dama Baƙaƙen fata ba su da izinin shiga, balle su bi layi. Ranar 30 ga Yuni 1960 ɗaliban jami'ar Howard suka shiga suka hau lilon dawakan da tikitin da wasu suka saya musu, aka kama biyar daga cikinsu. Zanga-zanga ta ci gaba a ƙofar wurin tsawon bazarar, da goyon bayan Fararen fata na unguwar Bannockburn da ke maƙwabtaka, kuma a 1961 aka buɗe wurin ga kowa. A 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yanke wa ɗaliban. Wurin ya daina aiki a matsayin filin lilo a 1968, yanzu cibiyar fasaha da al'adu ce ƙarƙashin hukumar kula da gandayen ƙasa. Wariyar launin fata da tikitin tsallake layi ba abu ɗaya ba ne, kuma ba daidai ba ne a daidaita su. Amma layi ɗaya da kowa yake bi, wanda ya riga zuwa ya riga hawa, abu ne da wasu suka sha ɗauri kafin su sami shiga cikinsa a wannan gunduma, kuma ya cancanci a yi tunani kafin a yanka shi gida-gida bisa nauyin aljihu.

Ƙananan wurare ba su da kuɗin Disney, kuma yawancin abin da yake aiki ba ya buƙatarsa. A filin baje kolin Gaithersburg, inda komai na kwana tara ne, ba za a gina haikali ba, amma rumfa da ruwan sha da allon da yake faɗin gaskiyar mintunan jira suna cikin iko. Sandar auna tsawon yaro ya kamata ta kasance a farkon layi, domin babu baƙin cikin da ya kai a tsaya rabin sa'a sannan a ce yaron bai kai ba. In lilo ya tsaya, ma'aikaci ya fito ya faɗi dalili da kimanin lokacin gyara. Layin da aka bi da shi ta inda ake ganin lilon yana aiki ya riga ya sami abin kallo kyauta.

Haka abin yake a gidan zu na Audu Bako da ke Kano a ranakun Sallah, ko a Magicland ta Abuja da aka fi sani da tsohon sunanta Wonderland, inda yara suke yin dafifi a 'yan kwanaki kaɗan na shekara. Allon taɓawa a wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, ga ƙurar hunturu, zai mutu kafin Sallah ta zagayo. Abin da zai jure shi ne wanda kafinta ko maƙeri na gari zai iya gyarawa: ganguna da kalangu da aka kafe a jikin shinge, madubai masu sauya siffa, zanen dara ko carafke a kan dakali, kacici-kacici a rubuce a bango da amsarsa a lanƙwasa ta gaba, ko mai tatsuniya da ɗan kama da za su riƙa bin layin. Tsarin Dumbo ma ana iya yin sa ba tare da na'ura ba. A killace fili mai inuwa da benci, a ba kowane iyali kati mai lamba a ƙofa, yara su yi wasa a ciki, mai lasifika ya riƙa kiran lambobi goma-goma gwargwadon kujerun lilon, ma'aikaci ɗaya kuma ya tsaya a bakin shiga yana karɓar katin bi da bi.